Thomas Midgley, Mutumin da Ya Sa Dalma a Fetur: Tambayoyi da Amsoshi

Sunan Thomas Midgley ba ya cikin waɗanda ake haddacewa a makaranta. Amma duk wanda ya shaƙi hayaƙin mota kafin shekarun 2000, ko ya sha ruwan sanyi daga tsohon firji, aikin hannun mutumin nan ya taɓa shi. Abubuwa biyu ya fito da su, fetur mai dalma da iskar sanyaya firji mai suna Freon, duka sun yi kasuwa, duka kuma daga baya ƙasashen duniya suka taru suka haramta su. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane ne Thomas Midgley?

Ba'amurke ne, an haife shi ranar 18 ga Mayun 1889 a garin Beaver Falls na jihar Pennsylvania, ya tashi a Columbus ta jihar Ohio. Ƙirƙira gadonta ya yi, domin mahaifinsa ya yi suna a harkar tayoyin mota, kakansa na wajen uwa kuma ya ƙirƙiro wani samfurin zarto. Ya gama Jami'ar Cornell a 1911, kuma injiniyancin injuna ya karanta. Ilimin haɗa sinadarai, wanda duniya ta san shi da shi, a bakin aiki ya koye shi.

A 1916 ya kama aiki a birnin Dayton ƙarƙashin Charles Kettering, wanda ya ƙirƙiro sitatar mota, ya hutar da direbobi daga murɗa ƙarfe a gaban mota kafin ta tashi. Daga baya ɗakin binciken nasu ya koma hannun kamfanin General Motors. Manyan ayyukan Midgley guda biyu, duk Kettering ne ya ɗora masa su.

Wace matsala ce ta kai shi ga taɓa fetur?

A cikin inji, fistan yakan matse iska da fetur wuri guda, filogi ya ba da tartsatsi, wuta ta bi cakuɗen nan daki-daki tana tura fistan ƙasa. Gwargwadon matsin, gwargwadon ƙarfin da injin zai bayar da mai kaɗan. To amma fetur ɗin wancan zamani ba ya jure matsi. Da an ƙara, sai ragowar da wutar ba ta kai gare shi ba ya fashe da kansa kafin lokaci. Direba ya ji ƙas-ƙas a cikin inji, musamman a hawan tudu, ƙarfi ya ragu, inji ya ɗau zafi, wani lokaci har fistan ya lalace.

Wannan ya ɗaure hannun masu ƙera motoci. Ga shi kuma a lokacin ana ta hasashen man Amurka ya kusa ƙarewa. Duk wanda ya samo abin da zai hana fetur fashewar nan, ya samo kuɗi.

Ta yaya ya kai ga dalma?

Da lalube ya fara. Tunaninsa na farko shi ne idan aka rina mai ya koma ja zai fi ɗaukar zafi, ya ƙone sumul. Da ya je neman jan rini bai samu ba, sai aka ba shi aidin, wanda shi ma yakan mai da kananzir ja. Ya zuba, ƙarar ta ɗauke. Daga baya ya gwada jan rini na gaskiya, bai yi komai ba. Ashe launi ba ruwansa, aidin ɗin ne ya yi aikin. Sai dai aidin na da tsada, yana kuma cin ƙarfe.

Shi da abokan aikinsa suka shafe shekaru suna gwada sinadarai iri-iri. Anilin ya yi aiki amma hayaƙinsa wari. Teluriyum ya fi shi aiki, warinsa kuma ya fi muni: warin tafarnuwa mai kama jiki da tufafi, wanda ko wanka ba ya fitar da shi. Abin da ya kawo ƙarshen laluben shi ne komawa ga jadawalin sinadarai, inda aka jera su daga marasa nauyi zuwa masu nauyi. Midgley ya lura waɗanda ke aiki sun taru a yanki guda na jadawalin, kuma ƙarfinsu na ƙaruwa idan aka gangara wajen masu nauyi. Ya bi layin yana gangarawa har ya iso kan dalma.

Ranar 9 ga Disamban 1921 suka gwada wani ruwa mai ɗauke da dalma da ake taƙaita sunansa da TEL. Wani Bajamushe ne ya fara haɗa shi tun 1853, ba a dai samo masa amfani ba. Ɗan kaɗan suka ɗiga, injin ya yi tsit. Abin da bai cika ƙaramin cokali ba ya ishi galan guda. A Fabrairun 1923 aka fara sayar da fetur ɗin a wani gidan mai a Dayton, da sunan Ethyl. Ko a allon talla ko a jikin famfon mai, ba a ambaci dalma ba.

Babu wani abin da zai yi wannan aikin sai ita?

Akwai, kuma sun sani. Itanol, wanda ake tatsowa daga masara ko rake, yana hana ƙarar nan idan aka gauraya shi da fetur, kuma Midgley da bakinsa ya yabe shi kafin ya gano TEL. Yau ma da shi ake gauraya fetur a Amurka da Brazil.

Matsalar itanol a wajen kamfanoni ita ce kowa na iya yin sa, ba mai riƙe haƙƙin mallakarsa. Kuma da yawa ake zubawa, kashi 10 cikin 100 ko fiye, wato kowace lita ta rage wa masu mai ciniki ke nan. Shi kuwa TEL ɗigo ne, yana da takardar mallaka, kuma kowane galan da aka sayar akwai kason da zai shiga aljihun masu takardar. A 1924 General Motors da kamfanin mai na Standard Oil ta New Jersey suka kafa kamfanin Ethyl, Kettering shugaba, Midgley mataimaki, kamfanin DuPont kuma na haɗa sinadarin.

Wataƙila a zamanin ba a san dalma guba ce ba?

An sani sarai. Tun zamanin Rumawa aka rubuta gargaɗi kan bututun ruwa na dalma. Benjamin Franklin ya yi wasiƙa kan illarta a 1786. A 1921, shekarar da Midgley ya yi gwajinsa, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fito da yarjejeniyar taƙaita farar dalma a fenti. Masana daga jami'o'i sun aika wa kamfanin gargaɗi kafin a sayar da ko lita ɗaya. Hukumar lafiyar jama'a ta Amurka ma ta rubuta tana tambaya, Midgley ya amsa cewa dalmar da za ta bazu a titi ba za ta taka kara ta karya ba, a cikin amsar kuma ya yarda cewa ba a yi wani gwaji a kai ba.

Abin da ya fi wannan nauyi: a farkon 1923 shi kansa gubar ta kama shi, har ya ajiye aiki ya tafi Florida jinya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Me ya faru a matatar Bayway?

A Oktoban 1924, a sashen da Standard Oil ke haɗa TEL cikin matatarta ta Bayway a New Jersey, ma'aikata suka fara zaucewa ɗaya bayan ɗaya. Mutum ya kama ganin abin da babu, yana ihu yana fizge-fizge, sai an ɗaure shi a kai asibiti. Cikin kwanaki kaɗan biyar suka mutu, sama da 30 suka kwanta. A masana'antar DuPont da ke Deepwater kuwa, ma'aikata sun raɗa wa ginin suna gidan malam-buɗe-littafi, saboda yadda za ka ga mutum yana kaɗe ƙwarin da shi kaɗai ke gani. Idan aka haɗa da waɗanda suka mutu a can da kuma Dayton, an rasa aƙalla mutum 15 a shekarun farko.

Ranar 30 ga Oktoban 1924 aka kira taron manema labarai a New York. Midgley ya tsiyaya sinadarin a hannunsa, ya kai kwalbar hanci ya shaƙa na kimanin minti ɗaya, ya ce zai iya yin haka kullum ba abin da zai same shi. Bai gaya wa 'yan jaridar cewa bara ya yi jinyar wannan gubar ba. Kamfanonin kuma suka karkata laifin ga ma'aikata, wai ba su kiyaye ƙa'ida ba.

Ina gwamnati take duk wannan lokacin?

Ta motsa, amma ba ta yi nisa ba. Biranen New York da Philadelphia da jihar New Jersey sun hana sayar da fetur ɗin. A Mayun 1925 babban likitan gwamnati ya kira taro a Washington, aka dakatar da sayarwa. A wajen taron Alice Hamilton ta Jami'ar Harvard da Yandell Henderson na Yale suka ja kunne. Abin da ya dami Henderson ya wuce ma'aikatan masana'anta: ƙurar dalma ce da za ta riƙa fita daga salansar motoci tana taruwa a birane sannu a hankali, ba a ankara ba sai ɓarna ta yi nisa. Wani jami'in Standard Oil, Frank Howard, ya ce TEL kyauta ce daga Allah.

Aka naɗa kwamiti, ya duba direbobi da ma'aikatan gareji kimanin 250 cikin 'yan watanni, ya ce bai ga hujjar haramtawa ba, amma lallai a ci gaba da bincike mai tsawo da kuɗin gwamnati. Kashi na farko na maganar aka ɗauka. A 1926 fetur ɗin ya dawo kasuwa, binciken kuwa ya faɗa hannun Robert Kehoe, likitan da kamfanonin ke ɗaukar nauyin ɗakin bincikensa a Cincinnati. Kusan shekara 40 maganarsa ce hujja, kuma matsayinsa bai sauya ba: wanda ya ce akwai illa, shi zai kawo shaida.

To wa ya kawo shaidar?

Wanda ya fara kawo ta ba likita ba ne. Clair Patterson shekarun duniya yake son aunawa ta hanyar dalmar da ke cikin duwatsu, kuma shi ne ya fito da adadin shekara biliyan 4.55 da ake amfani da shi har yau. Abin da ya hana shi sakat a wannan aikin shi ne duk abin da ya ɗauko zai auna, sai ya tarar dalmar waje ta gurɓata shi: a ruwa, a ƙura, a jikinsa. Ya bi sawun ta har cikin teku da ƙanƙarar Greenland, inda kowace shekara ke da nata shimfiɗar, ya ga dalma ta yi tashin gwauron zabi bayan zuwan fetur mai dalma. A 1965 ya wallafa cewa abin da ke jikin Ba'amurken zamani ya ninka na asali kusan sau 100. Tallafin da yake samu daga masu harkar mai ya tsaya.

Sai Herbert Needleman, likitan yara, wanda ya tattara haƙoran famfara na 'yan makaranta a yankin Boston. Sakamakonsa na 1979 ya nuna yaran da dalma ta fi yawa a haƙoransu sun fi rauni a gwajin basira da natsuwa a aji, alhali ba wanda ya ga alamar ciwo a jikinsu.

Duk da haka, abin da ya fara korar dalma daga tankin mota wani dalili ne daban. Daga 1975 sababbin motocin Amurka suka zo da na'urar tace hayaƙi a jikin salansa, ita kuwa dalma kashe ta take yi. Dole aka samar da fetur marar dalma. Tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1990, dalmar da ke jinin Amurkawa ta ragu da fiye da kashi 70 cikin 100. A 1996 aka haramta ta gaba ɗaya ga motocin titi.

Wace illa dalma ke yi wa jiki?

Jiki yakan ɗauke ta a matsayin sinadarin gina ƙashi, ya ajiye ta a ƙashi da haƙori shekara da shekaru. A babba tana jawo hawan jini da ciwon ƙoda da na zuciya. A yaro ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi da za a kira marar illa.

Mutanen arewacin Najeriya ba sa buƙatar dogon bayani a nan. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda aƙalla 400 suka rasu. Can ba daga fetur ta fito ba, daga dutsen zinare ne da ake dakawa a cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa inda yara ke rarrafe. Gubar dai guda ce. Ta Zamfara ta zo da yawa lokaci ɗaya shi ya sa aka gan ta, ta fetur kuwa kaɗan-kaɗan ta riƙa zuwa, a kan kowa. Wasu nau'o'in kwalli ma da dutsen dalma ake yin su, abin da ya kamata masu sa wa jarirai su sani.

Yaushe aka daina a Afirka?

An makara. A 2001 ƙasashen kudu da Sahara suka haɗu a Dakar suka ɗau alkawari, zuwa farkon 2006 yankin ya daina. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, ta ƙarar da nata a Yulin 2021. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa dainawar na hana mutuwar mutum fiye da miliyan 1.2 a kowace shekara.

Shi kuma Freon fa, mene ne labarinsa?

Firjin shekarun 1920 abin tsoro ne. Da amoniya da wasu iskoki masu guba ko masu kamawa da wuta yake sanyi, kuma idan ya yi yoyo da dare yakan kashe mutanen gida. General Motors ke da kamfanin Frigidaire mai ƙera firji, don haka a 1928 Kettering ya ce wa Midgley ya nemo iskar da ba ta da guba kuma ba ta ci da wuta.

Ya sake komawa ga jadawalinsa, tare da Albert Henne da Robert McNary, suka tsaya a kan haɗin kabon da fulorin da kulorin, irin wanda Frédéric Swarts na Beljiyam ya fara haɗawa a shekarun 1890. An ce cikin kwana uku suka kai ga abin da suke nema, iskar da aka sa wa suna Freon. A 1930, gaban taron Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Amurka, Midgley ya zuƙi iskar ya cika huhunsa, ya hura ta a kan kyandir, wutar ta mutu. Hujja biyu da numfashi ɗaya: ba ta kashe shi ba, ba ta kuma kama da wuta ba. A wannan karon gaskiya ya nuna.

Freon ya sa firji ya shiga gidaje, ya sa na'urar sanyaya ɗaki ta yaɗu, ya sauƙaƙa adana abinci da jini da alluran rigakafi. A Yaƙin Duniya na Biyu da shi aka cika gwangwanayen fesa maganin sauro da sojoji suka yi amfani da su a yankunan zazzaɓi. Tsofaffin masu gyaran firji sun san shi da R-12.

Ina aibinsa, tunda ba guba ba ne?

Abin da aka so shi dominsa, shi ne ya zama matsalar. Iskar ba ta haɗuwa da komai, ba ta narkewa a ruwan sama, ba ta ruɓewa. Haka za ta yi ta yawo shekaru gommai har ta hau can sama inda rufin ozon yake, wanda ke tare mana hasken rana mai ƙona fata ya jawo sankara da yanar ido. A can hasken ke farfasa ta, kulorin ya kuɓuce, kuma ƙwayarsa ɗaya na iya rusa dubban ƙwayoyin ozon kafin ta bar wurin.

Mario Molina da Sherwood Rowland ne suka bayyana haka a 1974, shekara 30 bayan rasuwar Midgley. A 1985 masu binciken Birtaniya a Antatika suka ba da rahoton cewa rufin ya yi wawakeken rami a can. A 1987 aka sa hannu kan Yarjejeniyar Montreal, wadda daga baya kowace ƙasa ta shiga. Molina da Rowland da Paul Crutzen sun sami kyautar Nobel a 1995.

Gaskiya ne shi ne mutumin da ya fi kowa ɓata duniya?

Maganar ta samo asali daga masanin tarihin muhalli John McNeill, wanda ya ce babu wata halitta guda da ta taɓa yin tasiri a sararin samaniyar duniya kamar Midgley. Daga nan mutane suka mai da shi abin tausayi, wai mai rashin sa'a ne da ya yi niyyar alheri sau biyu ya ƙare da ɓarna sau biyu.

Ni ban yarda a zuba su a ƙwarya ɗaya ba. A batun Freon, ya yi gwajin da zamaninsa ya san yi, ya maye gurbin abin da ke kashe mutane a gadajensu. Na'urar da za ta iya gano iskar a sararin sama ma sai bayan mutuwarsa aka ƙera ta. Ba shi da hanyar sani. A batun dalma kuwa an gargaɗe shi a rubuce, ya kwanta jinya, ma'aikata sun mutu a wurin aikinsa, ya san akwai itanol, sannan ya tsaya gaban 'yan jarida ya wanke hannu da abin. Wannan ba rashin sa'a ba ne.

Sai dai ɗora masa laifin shi kaɗai ma rangwame ne ga wasu. Shi ma'aikaci ne. Shawarar sayarwa ta Kettering ce da shugabannin General Motors da Standard Oil da DuPont, gwamnati ta sa albarka, aka kuma ci gaba da sayarwa fiye da shekara 70 bayan an binne shi.

Yaya mutanen zamaninsa suka ɗauke shi?

Gwarzo. Ya mallaki takardun ƙirƙira fiye da 100, ya yi aiki a kan roba da kuma hanyar tace bromin daga ruwan teku. Ya karɓi lambar Perkin a 1937, ta Priestley a 1941, ta Willard Gibbs a 1942, kuma a 1944 shi ne shugaban Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Amurka.

Yaya ya rasu?

A 1940, yana da shekara 51, cutar shan inna ta kama shi ta kashe masa ƙafafu. Rigakafinta bai fito ba sai 1955. Da yake mai ƙirƙira ne, ya haɗa wa kansa igiyoyi da ƙafafun jan kaya a saman gadonsa don ya riƙa ɗaga jikinsa ba sai an taimaka masa ba. Ranar 2 ga Nuwamban 1944 aka same shi a gidansa da ke Worthington, Ohio, igiyoyin sun shaƙe shi. Yana da shekara 55. Abin da aka gaya wa jama'a shi ne hatsari ne, amma mai binciken gawa ya rubuta cewa shi ya kashe kansa.

Yanzu an rabu da abubuwan nan biyu ke nan?

Ba gaba ɗaya ba. Ƙasashe masu tasowa sun daina R-12 a 2010, firjin yanzu da R-134a ko R-600a yake aiki, amma wanda aka riga aka saki yana can sama. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne rufin ozon zai koma yadda yake a 1980 wajen 2040 a yawancin duniya, a saman Antatika kuma sai wajen 2066.

Dalma ba ta ruɓewa, don haka wadda ta fita daga salansa tana nan a ƙasar gefen manyan tituna na tsofaffin birane. TEL ɗin kansa ma ba a daina haɗa shi ba. Ƙananan jiragen sama masu injin fistan, irin na koyon tuƙi da na feshin gona, har yanzu man da ake kira 100LL suke sha, kuma akwai dalma a cikinsa. Hukumar sufurin jiragen saman Amurka ta sa ƙarshen 2030 a matsayin lokacin da take son a daina.